Oba-oba da iyafis na wasan eyasof: wanne za ka saya in aljihu ba nauyi

Salam 'yan uwa. Tun da muka fara zuwa filin wasan nan na can bayan Ajah ranar Lahadi, mu 'yan Agege da Idi-Araba da wasu daga Mile 12, ba tambayar da yara suka fi tare ni da ita kamar "Yaya wane oba-oba zan saya wanda ba zai cinye min albashi ba". Ga wanda bai san wasan ba, eyasof wasa ne na ɓangare biyu da bindigogin wasa masu harba ƙananan ƙwallayen roba 'yan milimita 6, kowa da gilashin kare ido, wanda aka samu ya ɗaga hannu ya fita. Bindigogin na masu fili ne, can muke haya can muke barinsu, namu kawai kayan jiki ne da na magana. Kuma maganar nan ita ce rabin wasan wallahi, don in kana kwance a ciyawa ɗan uwanka na bayan wata tsohuwar kwantena, ihu ɗaya za ka yi ka tona wa kanka asiri.

Abin da nake fara gaya wa kowa shi ne kar ka soma da kallon wat nawa aka rubuta a kwali, soma da ɗaga robar nan ta gefen rediyon ka ga irin bakin da ake soka iyafis. Wani ƙanina ya je wani shago ya sayo iyafis mai fil biyu yana murna, muka iso fili ya ciro zai soka ya ƙi shiga, ya juya ya sake turawa ya ƙi, da muka jera shi da nawa sai ga shi fil ɗin nasa sun fi matsuwa da juna, ashe bakin wasu rediyoyi ne daban. Ranar haka ya yi wasa da rediyo a hannu sifika na ta ƙara. Bakin da ya fi yawa a kasuwa shi ake kira na Kenwood, fil biyu ne, ɗaya mai kauri milimita 3.5 ɗaya siriri 2.5, kuma shi ne a jikin yawancin Baofeng da Retevis da Quansheng, in rediyonka na da shi to ko a Alaba ko Computer Village ko Jiji ba za ka sha wahalar samun kayansa ba.

Maganar nisa kuwa kar ta ruɗe ka. Kilomita 10 ɗin da ake rubutawa lissafi ne na in kana kan tudu abokinka na kan wani tudun ba komai a tsakaninku. Cikin bishiyoyi da gini da kwantena abin yana dawowa 'yan mitoci ɗari zuwa kilomita ɗaya ko biyu, kuma ai filin wasa bai ma kai haka ba, ko rabin wat ya isa ya rufe shi. UHF za ka nema, wato na wajen megahaz 400 zuwa 470, don shi ya fi iya ratsa tsakanin gini da gajeriyar eriya.

Mafi araha shi ne Baofeng BF-888S, wanda kuke gani a hannun masu gadin esteti da masu aikin biki. Tasha 16 gare shi, ba sikirin ba lambobi, maɓalli biyu ne a sama ɗaya na ƙara ɗaya na canja tasha, batirinsa an rubuta 1500 mAh kuma yana kai mutum yini in ba surutu yake ba. Ni gaskiya ina son shi saboda rashin tarkacensa, ba sikirin da ƙwallo zai fasa, ba abin da za ka danna bisa kuskure, in ya faɗi cikin taɓo ya mutu ba za ka kwana kana tunani ba. Matsalarsa ɗaya ce amma babba: tashoshin da yake zuwa da su daga kamfani iri ɗaya ne da na kowa, sai kana tsakar wasa ka ji maigadin wata esteti yana cewa a buɗe geti, shi ma kuma yana jinku kuna cewa ku zagaye su ta baya, kaga wannan ba ƙaramin tashin hankali zai jawo wa bawan Allah ba. Dole a canja su, kuma ba a canjawa sai da kebul da kwamfuta, akwai manhaja kyauta ana ce mata CHIRP, mutum ɗaya a ƙungiya ya sayi kebul ɗin ya zauna ya saita na kowa iri ɗaya a dare ɗaya shikenan. A yawancinsu tasha ta 16 ta bincike ce, yawo take yi tsakanin sauran, kar ku sa ta a matsayin tasharku.

Sai Baofeng UV-5R, shi ne 'yan eyasof da yawa a duniya ke riƙewa, tun 2012 yake kasuwa. Yana da VHF 136 zuwa 174 da kuma UHF, tasha 128, sikirin da lambobi, batir 1800 mAh akwai kuma dogo mai 3800, kana iya shigar da firikwansi da hannu ba sai an nemi kwamfuta ba, kuma yana sauraren tasha biyu, wato ta ƙungiyarku da ta alƙalin wasa. Kuɗin guda ɗaya kusan na 888S biyu ne. Wannan na shugaban ƙungiya ne a ganina, ba sai kowa ya riƙe ba. In ka saya ga abin da za ka yi tun a gida: mayar da shi ƙaramin ƙarfi wato wat 1, batir zai daɗe kuma ba za ka shiga hakkin na nesa ba, kashe VOX, wato tsarin da ke buɗe layi da kansa in ya ji sauti, don in ka barshi numfashinka da hakinka za su riƙa buɗe layi su hana kowa magana, kashe ƙarar nan da yake yi in an saki madannin magana, sannan ka kulle lambobin. Ka kula da maɓallin nan ruwan lemo na gefe, taɓawa ɗaya rediyon FM zai kunno, in aka danne shi ya daɗe jiniya zai saki, to a aljihun da ya matse shi komai na iya faruwa. Sikirin ɗin kuma ka juya shi ya kalli ƙirjinka. Doguwar eriyar nan ta Nagoya NA-771 mai kusan santimita 39 ba ka buƙatarta, reshe kawai za ta riƙa kamawa, ga jabunta sun cika kasuwa.

Quansheng UV-K5 ɗan uwan UV-5R ne, bakin Kenwood shi ma, abin da ya fi shi da shi caji ta USB-C, wanda duk mai zama inda wuta ke wasa da mutane ya san darajar abin da fawa bank zai iya cajawa. Baofeng UV-9R kuma ana sayar da shi a matsayin mai jure ruwa, kuma ruwan Yuni da Yuli na Legas zai sa ka yi sha'awarsa, amma bakinsa daban ne mai ɗaurin noti, iyafis ɗin kowa ba zai shiga ba, ni ledar zif da aljihu mai murfi sun ishe ni.

Akwai Motorola Talkabout irin su T82, masu tsarin PMR446 na Turai, rabin wat, tasha 16, muryarsu fes, T82 Extreme yana jure yayyafi kuma in batirinsa ya mutu kana iya zuba masa batir AA guda uku ka ci gaba. Kaya ne masu kyau ba ƙarya, sai dai tsada, kuma bakinsu fil ɗaya ne siriri, zaɓin iyafis ɗinsu kaɗan ne. In duk ƙungiyarku za ta iya saye to madalla, amma kai kaɗai kar ka ware.

Wani abu da ake yaudarar kai da shi, lambobin nan da ake ce wa na sirri, CTCSS da DCS. Ba sa ɓoye komai, aikinsu kawai su hana kai jin waɗanda ba su sa lamba irin taka ba, amma duk wanda ya buɗe tashar ba lamba yana jinku tas. Shi ya sa muke raɗa wa wurare suna a fili, kwantenar nan "Kwari", bishiyar mangwaro "Sabon Gari", Hausarmu ma kanta tana taimako sai dai in ɗaya ɓangaren ma 'yan gida ne.

To yanzu kunne, inda nake so ka fi tsayawa. Wanda ake sakowa kyauta a kwali wayarsa kamar zare take, ajiye shi na ko-ta-kwana. Wanda na fi amfani da shi mai bututun roba ne fari mai lanƙwasa irin na masu tsaron manya, yana da araha, ba nauyi, yana shiga ƙarƙashin hula da igiyar gilashi, kuma ba mai jin abin da ake gaya maka ko yana kusa. Amma zafin Legas yana da nasa hukuncin, bayan awa ɗaya zufa na taruwa cikin bututun, sai ka ji murya na yin ƙasa-ƙasa har ta ɗauke ka ɗauka batir ne, ɗaga shi a rana za ka ga ɗigon ruwa ya tsaya a lanƙwasar, cire bututun daga ƙarfensa ka hure shi da ƙarfi ka mayar, murya ta dawo. Kan robar nan mai kama da lema kuma yana toshe kunne gaba ɗaya har ba ka jin takun mutum ta wannan gefen, canja shi da mai ɓuli-ɓuli wanda ke zama a fatar kunne, 'yan kuɗi kaɗan ne amma bambancin ba kaɗan ba.

Makirfon na maƙogwaro, wanda ake ɗaurawa a wuya, yana da kyan gani a hoto amma masu arahar muryarsu kamar mutum na magana da tuwo a baki, kuma da zufa ta jiƙa wuya yake zamewa daga inda ya kamata. Makirfon na kafaɗa kuwa ƙarfi gare shi kuma madanninsa babba ne ko da safar hannu za ka same shi, sai dai sifikarsa na tona asiri, amma yawancinsu suna da ƙaramin rami na 3.5 da za ka soka iyafis na saurare kawai, wannan haɗin yana da kyau sosai ga mai son abu mai ƙarko.

Manyan masu rufe kunne biyu irin Earmor M32 su ne burin yara da yawa. Batir AAA biyu suke ci, suna ƙara maka ƙarar motsin da ke kewaye su danne mai ƙarfi, kuma suna kare kunne daga ƙwallo, wanda duk wanda aka taɓa samu a kunne ya san zafinsa. Amma bakinsu ƙato ne irin na sojoji, ba ya shiga rediyo kai tsaye sai ka sayi madanni daban mai bakin Kenwood, kuma ka sayi na kamfani ɗaya da hedfon ɗin don jeren wayoyin ciki ba ɗaya ba ne, sai ka haɗa kana ji amma ba a jinka. Kuɗin duka zai sayi rediyo uku ko fi, ga zafi, kunnenka zai yi sharkaf kafin azahar. Bindigar eyasof ba ta da ƙarar da za ta kurmantar da kai, saboda haka ni na ce bari sai ka shekara kana wasan.

Dan Allah ga maganar da ta fi duk waɗannan. Cewa PMR446 ba ya buƙatar lasisi dokar Turai ce, takwaransa FRS kuma ta Amurka, mu nan hukumar sadarwa ta NCC da ma'aikatar sadarwa ta tarayya ke da iko da rabon firikwansi ƙarƙashin dokar sadarwa ta 2003, don haka ka tambayi masu fili tashar da suka yarda a yi amfani da ita ka tsaya a kanta. Mai UV-5R kar ya yi wasa da ɓangaren VHF, 156.800 tashar neman agaji ce ta jiragen ruwa, ga tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can a gefenmu. A hanya kuma rediyo na cikin jaka a kashe tare da rasit ɗinsa, ba a ƙugu ba, kayan sojoji masu dabbare-dabbare kuma haramun ne ga farar hula a ƙasar nan, baƙi ko ruwan ƙasa zalla ya isa. Kun san halin da ake ciki, kun san kallon da za a yi wa saurayi Bahaushe da oba-oba a shingen bincike, iyayenmu na jiranmu a gida.

In za ka saya ku je ku biyu. Ka ce oga ya sa batir a duka biyun, ɗayanku ya fita ya zaga bayan layin shagunan, ku yi magana ta iyafis ɗin da za ka saya ba na gwajin shago ba, kana magana kana girgiza wayar daga gindin fil ɗin, in murya na yankewa a canja maka. Ɗora shi a caja ka ga jar wuta ta kama, a rubuta maka lambar jikinsa a rasit. Ga sabon shiga 888S da iyafis mai bututu guda biyu, ɗaya a kunne ɗaya a jaka, shugaba ya riƙe UV-5R ko UV-K5, kebul ɗaya na kowa, canjin da ya rage a ƙara a sayi gilashin ido mai kyau.