Sharhi a kan jitar bes ta Squier Jazz Bass da neman amon rege a Birnin Kebbi

Jitar bes, wato jita mai kaurin amo, da zan yi magana a kanta ita ce Squier Classic Vibe '60s Jazz Bass, wadda na sa aka sayo mini daga kasuwar Alaba ta Legas, kuma na yi damina da hunturu da bazara ina kiɗa da ita a nan Birnin Kebbi, a wuraren biki da kuma zaman gwaji da muke yi da 'yan ƙungiyarmu. Da gangan na jinkirta wannan sharhi, domin abin kiɗan da aka yi da katako ba a sanin halinsa a ƙasarmu sai ya ga waɗannan yanayi uku. Hukuncina shi ne jitar ta ci kuɗinta, kuma tana iya ba da amon rege mai kauri irin wanda ake ji a ƙirji, amma ba a yadda ta fito daga kwali ba. Sai an canja mata tsirkiya, mai kiɗan kuma ya canja hannu.

Squier suna ne da kamfanin Fender ke sanya wa jitocinsa masu sauƙin kuɗi tun daga 1982, kuma wannan samfuri a Indonesiya ake ƙera shi, bisa siffar Jazz Bass da Fender ya fitar a 1960, shekara tara bayan Precision Bass ta 1951. Tsawon tsirkiyarta daga jaki, wato madogarar tsirkiya a gangar jikin jitar, zuwa ƙarshen wuya inci 34 ne, tana da ƙarafan wuya 20, faɗin wuyan kuma a can sama inci ɗaya da rabi ne kawai, abin da ya sa mai ƙaramin hannu ba ya wahala da ita. Tana da pikof biyu, wato maganaɗisun da aka naɗe da waya mai ɗaukar kaɗawar tsirkiya, ɗaya ta wajen wuya ɗaya ta wajen jaki, kowanne da mamurɗin ƙararsa, sannan da mamurɗi na uku mai rage kaifin sauti. Ba ta amfani da batir ko kaɗan, kuma wannan ba ƙaramin alheri ba ne ga wanda ya taɓa ganin jita mai batir ta yi shiru ana tsakiyar kiɗa a ƙauyen da babu shagon saye.

Ba zan iya auna wannan jita da adalci ba sai na ambaci waɗanda suka riga ta zuwa hannuna. Ta farko gwangwanin mai ce da muka huda muka zura mata sanda, muka ɗaura wayar birkin keke, kamar yadda yaran unguwa da yawa suka yi a zamaninmu suna kwaikwayon masu gurmi da garaya. Ban ɗauki wannan abin kunya ba, tunda Aston Barrett, wanda aka fi sani da Family Man, mai kiɗan bes na Wailers, ƙungiyar Bob Marley, wanda ya rasu a watan Fabrairun 2024, shi ma da hannunsa ya haɗa bes ɗinsa ta farko da falanki. Ta biyu ita ce jitar gaske ta farko da na mallaka, ta hannu ce marar suna da na saya wurin wani dattijo a Zuru da ya daɗe yana kiɗa a ƙungiyar mawaƙa. Wuyanta ya lanƙwashe har yatsa na iya shiga tsakanin tsirkiya da katako, tsirkiyoyin kuma sun yi baƙi saboda tsufa, ga nauyi mai sa kafaɗa ciwo. Abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai shi ne, wannan tsohuwar jita mai wahalar dannawa ta fi sabuwar Squier ɗin amon rege a ranar da na fara haɗa su a amfilifaya ɗaya. Sabuwar tana da ƙara mai kaifi da ƙyalli, tsohuwar kuwa amonta a dunƙule yake, mai nauyi, ba ya tsawaita. Dalili bai wuce matattun tsirkiyoyin nan ba.

Kafin a nemi amon, ya kamata a san abin da ake nema. A Jamaika, lokacin da kiɗan ska mai sauri ya lafa ya zama rocksteady wajen 1966, sannan ya zama rege wajen 1968, sassaucin gudun ya buɗe wa bes fili, ta tashi daga mai rakiya ta koma mai jan ragamar waƙa. A salon ganga da ake kira one drop, wanda Carlton Barrett ƙanen Family Man ya shahara da shi, ana barin bugun farko fayau, ganga ta faɗo a bugu na uku, bes kuma ta riƙa shiga tana fita tana barin gurbi. Saboda haka amon da ake so gajere ne, mai kauri, marar ƙarar ƙarfe, irin amon turmi idan ana daka a gidan maƙwabta, wanda ƙasa ke kawo maka shi kafin kunne ya tantance. Family Man da Jazz Bass ya yi yawancin aikinsa, almajirinsa Robbie Shakespeare, wanda ya rasu a Disambar 2021, ya yi zamani da bes ƙirar Höfner mai gajeren wuya, kuma bambancin jitocin bai hana su biyun samun zurfin amo ba.

Babban gyaran da na yi shi ne cire tsirkiyoyin da suka zo da jitar, waɗanda aka naɗe da waya mai zagaye, na sa masu sulɓi da aka naɗe da waya mai faɗi, ƙirar La Bella masu lambar kauri daga 45 zuwa 105. Tsirkiya mai gurzo, wato mai zagayen wayar, irin wadda kamfanin Rotosound ya yaɗa daga 1966, an yi ta ne domin ta ba da kaifi da tsawon amo, abin da masu kiɗan rok ke so, rege kuwa akasin haka take nema. Mai sulɓi tana danne ƙananan sautukan sama da ke hawa kan asalin amo, ba ta kuma ƙara idan yatsa ya zame a kanta. Kuɗinta ya kai ninki biyu na mai gurzo, sannan sai an yi saƙo daga Legas ko Abuja, amma a lissafin dogon zango ita ce mai araha, domin babu ramukan da ƙurar hunturu da gumi za su maƙale, kuma tana ƙara daɗi ne da tsufa, har akan yi shekaru ba a canja ba. Wanda bai da halin saye kada ya damu, ya bar tsofaffin tsirkiyoyinsa su mutu a kan jitar, ya daina dafa su a ruwan zafi kamar yadda wasu ke yi don dawo da kaifinsu, tunda kaifin shi ne abin da ake gudu. Sai dai a sani cewa masu sulɓin nan sun fi tauri da jan wuya, don haka bayan an ɗaura su dole a ɗan ɗaure sandar ƙarfen da ke cikin wuyan jitar, rubu'in juyi a lokaci guda, a bar katako ya kwana kafin a ƙara.

Bayan tsirkiya sai hannu, kuma a nan ne na fi ganin matasa suna asarar kuɗi a kan na'urori alhali gyaran yana yatsunsu. Tsirkiya ta fi kaɗawa da faɗi ta wajen tsakiyarta, saboda haka idan aka taɓa ta a daidai inda wuya ya shiga gangar jiki, asalin amon ne ke fitowa, idan kuwa aka taɓa ta kusa da jaki sai kaifi ya rinjaya. Ina kiɗa da tsokar babban yatsa ko gefen manuniya, a hankali, in bar amfilifaya ta yi aikin ƙarfi. Dattijon nan na Zuru, da ya ga ina fizgar tsirkiya ranar da na je ɗaukar jitarsa, cewa ya yi: "Yaro, sassauta hannu, ba kokawa kuke yi ba. Ƙara wuta a akwati, ka taɓa ta kaɗan." Na ce: "To, Baba," ba tare da na fahimci dalili ba, sai daga baya na gane cewa fizga da ƙarfi tana sa tsirkiya dukan ƙarafan wuya, amon ya fito da ƙara a farko sannan ya zube nan take.

Game da mamurɗai, ina buɗe pikof na wajen wuya gaba ɗaya, in rage na wajen jaki, in mayar da mamurɗin kaifi kusan ƙarshe. Ban cika rufe shi ruf ba, kuma ga dalili. Tsirkiya mafi kauri, wato E, tana kaɗawa sau 41 ne a daƙiƙa, A sau 55, D sau 73, G kuma sau 98, alhali ƙananan sifikoki da wayoyin hannu ba sa iya fitar da sautin da ya yi ƙasa haka. Abin da kunne ke kamawa a irin waɗannan na'urori shi ne sautukan da ke sama da asalin amon, don haka wanda ya yanke su duka zai ji daɗin kansa a gaban akwatinsa, amma idan aka ɗauki bikin a waya aka tura wa dangi, sai a ga yatsunsa na motsi ba a jin komai. Na kuma yanko ɗan soson katifa na cusa ƙarƙashin tsirkiyoyi a jikin jaki, dabarar da ba sabuwa ba ce, domin jitocin Fender na shekarun 1960 da sosonsu suke zuwa a ƙarƙashin murfin jaki. Soson yana gajarta amo yadda gurbin da ke tsakanin bugu da bugu zai fito sarai. Idan ya yi kauri da yawa yakan ɗaga sautin ya saɓa, sai an rage shi da reza.

Akwai wani hali na jitar da aka yi bisa asalin tsarin Jazz Bass wanda ya kamata mai saye a yankinmu ya sani. Kowane pikof nata naɗi ɗaya ne, kuma irin wannan naɗi yana jawo ƙugin wutar lantarki daga iska. An tsara biyun ne yadda idan aka buɗe su daidai wa daida, ƙugin ɗaya zai kashe na ɗayan, amma amon rege yana bukatar a fifita na wuya, kuma da zarar an yi haka ƙugin ya dawo. Wutar Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, sautin G na ƙasa kuma, wanda ake dannawa a ƙarfe na uku na tsirkiyar E, sau 49 yake kaɗawa, don haka a waƙar da ta zauna a kan G sai ka ji sautukan biyu suna karo, amon yana rawa. Abin ya fi muni a wurin bikin da ake amfani da janareto ba tare da an binne wayar ƙasa ba, ko aka ja wuta ɗaya da fitilun ado da firji. Na kai jitar wurin wani mai gyaran rediyo ya shimfiɗa siririn fallen jan ƙarfe a ramukan da wayoyi suke ya haɗa da wayar ƙasa, wanda ya rage tsatsar ƙarar sosai ko da yake bai kashe ƙugin ba. Sauran maganin shi ne in bar pikof na jaki a buɗe kamar kashi biyu cikin uku, in kuma juya jikina har in sami fuskar da ƙugin ya fi lafawa.

Hunturu ya gwada ta kamar yadda yake gwada kowane katako. Da iska ta bushe, allon wuyan ya ɗan tsuke, bakin ƙarafan ya leƙo yana kartar hannu, sai da aka bi su da ƙaramin magagari. Da damina ta sauka, laimar fadama ta shigo gari, wuyan ya sake motsawa, na sake taɓa sandar ciki. Wanda zai riƙe bes a Kebbi ya sa a ransa cewa wannan gyara na kowace shekara ne, kuma kada ya bar ta a cikin mota ko a jingine da bangon ɗakin kwano a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Fentin wuyan mai sheƙi ne, kuma duk wuya mai sheƙi yakan riƙe tafin hannu idan gumi ya yi yawa, don haka ƙyalle ba ya barin aljihuna. Maɗauran tsirkiyar kuwa sun burge ni, domin sau da yawa nakan ɗauko ta bayan tafiya a bayan babur in tarar saitinta bai gusa ba.

Duk wannan ƙoƙari yana iya tashi a banza idan akwatin sauti bai kai ba. Amfilifayata mai wat 100 ce da sifika mai inci 12, kuma a cikin ɗaki, idan na ajiye ta a ƙasa kusa da kusurwar bango, tana cika wuri har tagogi su yi rawa. A filin biki kuwa, ƙarƙashin rumfa, inda babu bangon da zai dawo da sauti, amon ƙasa shi ne farkon abin da ke ɓacewa. Ba banza ba masu manyan akwatunan kiɗa na Jamaika suke tara sifikoki masu inci 18. Abin da nake yi a fili shi ne in ja waya daga amfilifayata zuwa miksar mai kayan sauti, in roƙe shi ya ɗaga mini sautin da ke kaɗawa wajen sau 80 zuwa 100 a daƙiƙa, ya rage abin da ya haura sau 1,000, kada kuma ya tura can ƙasa da yawa, domin hakan ruri kawai yake haifarwa yana cinye ƙarfin na'ura.

Ga wanda rege kaɗai zai kiɗa, kuma yawancin aikinsa a kan janareto ne, ina ganin bes mai tsarin Precision za ta fi ba shi kwanciyar hankali, saboda pikof ɗinta da aka raba biyu tun 1957 yana kashe ƙugi da kansa, amonta kuma a dunƙule yake tun asali, sai dai wuyanta ya fi faɗi. Ni kuwa da ake kira yau a yi rege, gobe a yi hailaif ko a raka mawaƙin Hausa na zamani, Jazz Bass ɗin ta fi dacewa da ni, tunda da na zare soson na buɗe pikof na jaki sai ta koma wata jita dabam. Idan kuɗin mutum bai kai ya sayi sabuwar jita da tsirkiya mai sulɓi da sifika mai inci 15 a lokaci ɗaya ba, ya fara da tsirkiyar, ya bi da sifikar, jitar ta jira.