Obataim ko Ƙaramin Aiki: Shawara ga Mai Shekarar Ƙarshe a Koyon Lantarki na IBEW

Wani ɗan'uwanmu mazaunin Texas, wanda ya shiga shekara ta biyar a koyon aikin lantarki ƙarƙashin IBEW, ƙungiyar ƙwadago ta ma'aikatan lantarki, ya nemi shawara. Yana aiki ne a ginin wata babbar cibiyar adana bayanai, awa goma kullum, kwana shida a mako, kuma kuɗi na shigowa. Amma akwai damar ya roƙi kwamitin horaswa, wato JATC, ya mayar da shi wajen wani ƙaramin ɗan kwangila mai aikin gyare-gyare na awa 40 a mako. Tambayarsa ita ce wanne ya fi masa alheri, ga jarrabawar lasisi a gaba, ga kuma iyali a gida suna jiran aike.

Ƙanena, bari mu fara da kuɗi, tunda shi ne ya fi jan hankali. Dokar ƙwadago ta Amurka ta 1938 ta wajabta biyan ɗaya da rabi kan duk awar da ta haura 40 a mako. Saboda haka wanda ya yi awa 60 ana biyansa kamar ya yi awa 70, ƙarin kashi 75 cikin ɗari ke nan a kan mai awa 40. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da ke biyan haya a can, yake kuma ɗauke da kuɗin makarantar ƙanne da maganin iyaye a nan gida, kuma ba zan raina shi ba. A fagen kuɗin hannu babban aiki ya yi nasara, babu gardama.

Sai dai mutane da yawa suna ɗaukar cewa yawan awanni zai gaggauta yaye su, kuma a nan lissafin yake karkacewa. Tsarin koyon yana da ƙafa biyu: awa 8,000 na aiki a fili, da kimanin awa 900 na aji a tsawon shekara biyar. Obataim, wato aikin da ya haura awa 40 a mako, yana cika ta farko da wuri, amma ba ya rage ko darasi ɗaya daga ta biyu. Wanda ya kai shekara ta biyar galibi ya kusa cika awanninsa na fili, abin da ya rage masa shi ne makaranta da jarrabawa, kuma su ne ainihin abubuwan da aikin awa 60 yake cinye lokacinsu. Idan fashin aji ya yi yawa ko maki ya faɗi, kwamiti na iya kiranka gabansa, ya riƙe ƙarin albashinka, ko ya sa ka maimaita shekara. In a ce albashinka yanzu kashi 80 ne na cikakken ma'aikaci, to kowane watan jinkiri asarar kashi 20 ce, kuma obataim na 'yan watanni ba lallai ya rufe ta ba.

Jarrabawar ita ce inda nake so in daɗe. A Texas hukumar TDLR ce ke ba da lasisi, tana kuma barin mutum ya nemi zama jarrabawar tun yana da awa 7,000, ko da yake lasisin ba zai fito ba sai ya cika 8,000. Ana shiga da littafin dokokin lantarki na NEC a buɗe, ana neman kashi 70, kuma wannan buɗewar ce ke yaudarar mutane. Littafin babba ne, ana sabunta shi duk shekara uku, lokaci kuma ƙayyadadde ne, don haka wanda bai saba da inda kowace doka take ba zai ƙare lokacinsa yana jujjuya shafi. Ɗauki tambaya ɗaya kan moto, wato injin da lantarki ke juyawa, mai layin wuta uku. Idan girman waya ake nema, ba adadin amfiya, wato ma'aunin wutar da yake ja, da ke rubuce a jikin moton za ka ɗauka ba, sai ka je jadawali na 430.250, ka ninka da kashi 125, sannan ka koma jadawali na 310.16 ka zaɓi waya. Idan kuwa na'urar kare moton daga wuce kima ake tambaya, a nan ne za ka koma ga abin da ke jikin moton. Wanda ya gauraya waɗannan biyun zai sami amsarsa ta kuskure tana zaune cikin zaɓin da aka ba shi, ya zaɓe ta hankali kwance. Haka lissafin cikar bututun da wayoyi ke bi yake, inda wayoyi fiye da biyu ba sa wuce kashi 40 na filin cikinsa, haka kuma sashe na 250 kan haɗa wuta da ƙasa, wanda yake wahalar da mutane da yawa. Irin wannan ba ya zama a kai sai da maimaici, awa ɗaya ko biyu kowane dare, da agogo a gefe. Mutumin da ya tashi tun kafin asuba, ya wuni a kan tsani a zafin Texas, ya dawo bayan magariba, da wuya ya buɗe littafi ya fahimci abin da yake karantawa, balle idan azumi ya faɗo a tsakiya.

Akwai kuma batun abin da hannu yake koya. A babban gini ana raba aiki ƙungiya-ƙungiya, kuma foman da ya ga ka iya lanƙwasa bututu zai bar ka a kansa wata da watanni, domin hakan ne ya fi masa sauri. Za ka ƙware ƙwarai a abu ɗaya, za ka ga manyan taransifoma da janareto da allunan rarraba wuta waɗanda ƙaramin ɗan kwangila ba ya taɓawa, kuma wannan ilimi ne na gaske da ake nema yanzu. Amma a aikin gyara, yau kana shagon da rabin fitilunsa suka mutu, gobe kana ma'aikatar da motonta yake kashe kansa bayan minti goma, babu wanda ya san dalili. Kai da mita da zanen waya ne kawai, kana bin layi daga bireka zuwa inda wutar ta tsaya. Ranar da aka yaye ka, babu mai sake tsayawa a kanka, hasali ma kai za a ba ɗan koyo ka riƙe. Wannan shekarar ita ce ta ƙarshe da za ka ce "ban sani ba, nuna mini" ba tare da an ɗaga gira ba, kuma a ganina ƙaramin aiki ya fi ba ka damar faɗin hakan.

Game da lafiyar jiki, magana ɗaya ta isa. Gajiya ce ke sa mutum ya tsallake gwada layi da mita bayan ya kashe wuta ya sa kwaɗo, kuma volt 480 ba ya ba da dama ta biyu.

Wani zai ce barin babban ɗan kwangila yana nufin rasa gurbi bayan yaye. Akwai gaskiya a ciki, domin foman da ya san aikinka yakan so ya riƙe ka. Amma babban gini yana ƙarewa, kuma idan ya ƙare ana sallamar mutane da yawa a lokaci guda, kowa ya koma ofishin ƙungiya ya rubuta sunansa a littafin masu jiran aiki. A ranar, wanda ke da lasisi a aljihu, ya kuma iya gano matsala, ya fi samun kiran da zai iya amsawa.

Saboda haka ni dai ƙaramin aikin zan zaɓa maka. Idan akwai bashi mai wuya a kanka, ko wata lalura a gida da ba ta jira, to ka ci gaba da obataim, amma ka yanke masa rana, ka bar wa kanka aƙalla wata uku na awa 40 kafin jarrabawa, ka kuma sanar da mutanen gida tun yanzu cewa aike zai ragu na ɗan lokaci, domin sun fi karɓar magana idan ta zo da wuri. Kada kuma ka ajiye aiki da kanka, ɗan koyo ba shi da wannan ikon, kuma yin hakan na iya jawo kora daga tsarin gaba ɗaya. Ka je wurin daraktan horaswa, ka gaya masa irin ayyukan da ba ka taɓa yi ba cikin shekara huɗu, ka roƙi a canza maka wuri a kan wannan hujjar. Kafin ka sayi littafi ka tabbatar da bugun NEC da ake jarrabawa da shi a lokacin da za ka zauna, sannan ka fara tattara takardun shaidar awanninka daga kowane ɗan kwangila da ka yi wa aiki, domin sa hannun nan yakan ɗauki makonni. Allah Ya ba da sa'a.