Rubinstein da kiɗan dare na Chopin

Duk wanda ya tambaye ni ta inda zai fara sauraren kiɗan piyano na Chopin, amsata ɗaya ce: ya nemi Nocturnes ɗin da makaɗin piyano Arthur Rubinstein ya naɗa wa kamfanin RCA a birnin Rum tsakanin 1965 da 1967. Faifai biyu ne a kwali guda, kiɗa 19, tsawonsu bai cika awa biyu ba. Na daɗe ina jin su, wani lokaci a faifan, wani lokaci a waya da iyafis, kuma har yau ban gundura ba, ko da yake akwai wuraren da nake da ƙorafi.

Nocturne ɗan gajeren kiɗa ne na piyano zalla, babu murya babu ganga, wanda aka tsara shi da yanayin dare. Wani ɗan ƙasar Ireland, John Field, shi ya fara wannan salo, amma Chopin ne ya kai shi inda ya kai. An haifi Chopin a Poland a 1810, ya bar gida a 1830, ya zauna a Paris har tarin da ya daɗe yana fama da shi ya kai shi kabari a 1849, yana da shekara 39. Mutum ne mai son waƙar opera ta Italiya, musamman ta Bellini, shi ya sa hannun dama a waɗannan kiɗe-kiɗen yake rerawa kamar mace mai dogon numfashi, hannun hagu kuma yana riƙe da tafiyar a ƙasa.

To a nan ne makaɗa da yawa suke lalata abin. Da yake an san kiɗan da taushi da kewa, sai ka ji mutum yana jan kowane sauti, yana tsayawa inda bai kamata ba, har abin ya koma shagwaɓa. Rubinstein ba ya haka. Lokacin da ya zauna yin wannan naɗi yana da shekara 78, kuma karo na uku ke nan da ya naɗi jerin, bayan na 1936 zuwa 1937 da na 1949 zuwa 1950. Za ka ji dattijantakar a hannunsa. Hagunsa ba ya rawa ko kaɗan, damansa kuwa yana iya ɗan jinkirtawa ko ya ɗan yi gaba, amma duk inda ya je sai ya dawo ya tarar da hagun a kan gaɓa. Abin ya fi kama da mawaƙin da ya yarda da 'yan amshinsa: ya saki murya yadda ya so, don ya san ba za su bar shi ya faɗi ba. Ɗaliban Chopin ma sun ruwaito cewa haka yake koya musu, hagu ya tsare lokaci, dama ta sami sarari.

Wanda ya fi kama ni shi ne Op. 27 mai lamba 2 (Op., wato opus, lamba ce da ake ba ayyukan mai tsara kiɗa). Karin yana zuwa sau uku, kowace dawowa da ƙarin ado. A ta ukun akwai wani wuri da ƙananan sautuka suke zubowa da yawa cikin ƙiftawar ido. Wasu makaɗan a nan suke nuna bajinta, su ce ga ni. Shi kuwa tsohon sai ya bar su su wuce a hankali, kowane ɗaya a fili, ba tare da ya ɗaga murya ba, ya koma kan karin kamar ba a yi komai ba. Ka saurari ƙarshensa da iyafis mai kyau, inda sautuka biyu suke haurawa tare har su ɓace. Ba ya cika taka feda, abin da ake takawa a piyano don sauti ya daɗe, don haka ba sa cakuɗewa. Haka ma Op. 62 mai lamba 1, daga cikin na ƙarshe da aka buga Chopin yana raye a 1846, inda karin yake dawowa cikin kaɗawar yatsu biyu. Wurin yana da saurin zama hayaniya, amma a hannunsa waƙar ba ta ɓacewa.

Op. 9 mai lamba 2, wanda ko ba ka san sunansa ba ka taɓa jin sa a talla ko a fim, ya kaɗa shi ba tare da wani ƙari ba, kuma hakan ya wadatar.

Ƙorafina na farko yana kan Op. 48 mai lamba 1. Wannan ba kiɗan lallashi ba ne. Yana farawa da nauyi, ya shiga wani sashe mai kama da addu'ar coci, sai hannaye biyu su fara rugugi, sannan karin farko ya dawo da ninkin gudu cikin tashin hankali. A nan kamun kan Rubinstein ya ɗan yi mini yawa. Ina son in ji kamar abin zai ƙwace masa, shi kuwa bai yarda ba. A naɗinsa na shekarun 1930, lokacin jini na tafasa, ya fi sakin jiki, sai dai sautin wancan zamani na tsohon garmaho ne, da shuu ɗinsa. Mai son zafi a wannan kiɗa ya gwada Maria João Pires a naɗinta na 1996. Claudio Arrau kuma, a nasa na 1978, yana tafiya a hankali ƙwarai, yana tona kowane lungu. Wasu na son haka, ni kan gaji kafin faifan ya ƙare.

Na biyu, Nocturnes na Chopin 21 ne, a nan 19 kawai za ka samu. Biyun da babu an buga su ne shekaru da dama bayan rasuwarsa, kuma ɗaya daga ciki shi ne wanda fim ɗin The Pianist na 2002 ya ƙara wa suna. Wanda ya sayi faifan don shi zai yi ta nema bai gani ba.

Ta fuskar sauti kuwa babu laifi ga naɗin da ya haura shekara hamsin. Piyanon yana kusa da kunne, ƙasansa da kauri, samansa ba ya tsira. Idan ɗaki ya yi tsit kana iya jin ɗan hucin tef, amma da kiɗa ya fara ka manta da shi. Kada dai a ji shi ta lasifikar waya, domin hagun da nake ta yabo shi ne farkon abin da zai ɓace.

Ga masu saurare ta manhaja, a kula: na sha ganin an jera naɗin nan uku wuri guda da hoto kusan iri ɗaya, ba a rubuta shekara a sarari ba. A duba ƙasan jerin. Idan kuma kiɗa ya fara ka ji piyanon a dunƙule a tsakiyar kai, bai bazu kunnuwa biyu ba, to ɗaya daga cikin tsofaffin ne, ba na Rum ba.