Jirgin Darussalam zuwa Zanzibar: minti 20 a sama, sauran lokacin a ƙasa yake tafiya

Tazarar da ke tsakanin filin jirgin Julius Nyerere na Darussalam da filin Abeid Amani Karume na Zanzibar kilomita 70 ce da ɗoriya. Ƙaramin jirgi ƙirar Cessna Caravan, irin wanda Coastal Aviation da Auric Air ke aiki da shi, yana cinye ta cikin kimanin minti 20. Na bi hanyar da irin wannan jirgi, kuma a ganina ya ci kuɗinsa, amma ga wanda ya riga ya sauka a filin jirgin kaɗai.

Dalili kuwa, filin Darussalam yana da nisan kusan kilomita 12 daga tsakiyar gari, kuma cunkoson titin Nyerere kan cinye awa guda da yamma. Haɗa da zuwa da wuri don awon kaya, sai ka ga minti 20 ya koma awa biyu ko fiye. Wanda ke cikin gari gara ya hau jirgin ruwan Azam Marine, wanda ke yin kusan awa biyu ya sauke shi a bakin Stone Town, tsohon garin Zanzibar.

Inda aka fi samun matsala shi ne kaya. Ƙa'idar ƙananan jiragen nan kilo 15 zuwa 20 ce, ya danganta da kamfani, kuma a jaka mai laushi. Ba tsaurin kai ba ne: ma'ajiyar kayan tana ƙarƙashin cikin jirgin, ƙofofinta ƙanana, akwati mai tauri ba ya shiga. Nauyi ma sai an daidaita shi gaba da baya, shi ya sa matuƙi kan iya canza maka kujera. Mai manyan akwatuna ya nemi jirgi mafi girma ƙirar ATR na kamfanin Precision Air ko jirgin Air Tanzania. A duba tikiti da kyau, domin ƙananan jirage daga tasha ta 1 suke tashi, ba ginin da jiragen ƙasashen waje ke sauka ba.

Ciki akwai ƙara sosai, babu banɗaki, kuma da rana tsaka zafi kan sa jirgin ya riƙa girgiza tunda ƙasa-ƙasa yake tafiya. Tashin safe ya fi natsuwa. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin ruwa mai yawa, a bar tazara mai kyau kafin jirgi na gaba.

Ko da yake ƙasa ɗaya ce, wato Tanzaniya, a Zanzibar ana duba fasfo. Tun 1 ga Oktoba 2024 baƙi na biyan inshorar dole ta dala 44, a biya ta intanet kafin a taso. Wanda ya fito daga Najeriya ko Nijar ya riƙe katin rigakafin shawara a aljihu, kada ya tura shi cikin jakar da aka auna.