Babbar kasuwar intanet ko WhatsApp da Instagram: ina mai fara sayarwa zai sa kayansa?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ka ɗora kayanka a manyan kasuwanni irin su Amazon da eBay, ko ka tsaya a WhatsApp da Instagram kana sayarwa kai tsaye. A ganina, maganar gaba ɗaya a kan amana take: wa mai saye zai yarda da shi har ya tura kuɗi bai ga kaya ba?

Manyan kasuwannin sun ginu ne a kan warware wannan. Da kamfanin Alibaba na China ya buɗe kasuwarsa ta intanet mai suna Taobao a 2003, mutane na jin tsoron biyan wanda ba su sani ba, sai aka fito da tsarin biyan kuɗi mai suna Alipay. Mai saye ya biya, kuɗin su zauna a hannun kamfani, sai kaya sun iso ya tabbatar sannan a sakar wa mai sayarwa. Amazon kuwa ya buɗe wa 'yan kasuwa masu zaman kansu ƙofa a 2000, yau fiye da rabin kayan da ake saye a can nasu ne. In ka shiga irin wannan wuri, sunan kamfanin ne ke tsaya maka, kuma za ka tarar da masu saye sun zo da niyyar saye.

Amma ba kyauta ba ne. A Amazon, kamashon yawancin kaya yana tsakanin kashi 8 zuwa 15 cikin ɗari, ban da kuɗin ajiya da aikawa in su za su yi maka. Kayanka kuma na jere da na abokan gasa, mai saye yana ganin wanda ya fi araha cikin daƙiƙa. Abin da ya fi damuna shi ne mai sayen ba naka ba ne, nasu ne. Dokarsu ta hana ka janye shi zuwa waje, kuma in ƙorafi ya yi yawa suna iya dakatar da asusunka su riƙe kuɗinka na wani lokaci.

A WhatsApp da Instagram abin ya juya. Babu mai cire maka kamasho in kun yi ciniki a saƙo, ka san mai sayenka, ka san abin da ya saya, gobe kana iya tuntuɓarsa. Tun 2018 akwai WhatsApp Business, manhajar WhatsApp ta 'yan kasuwa, inda za ka jera kaya da farashi ka kuma tanadi amsoshi. Sai dai duk nauyin da kamfani ke ɗauka a can, a nan yana wuyanka: tabbatar da kuɗi sun shigo da gaske ba hoton rasit na jabu ba, neman mai kai kaya, sasanta rigima. Kuma ba duk mabiyanka ne ke ganin abin da ka wallafa ba, sai ka biya kuɗin talla. A ranar 4 ga Oktoba 2021, Facebook da Instagram da WhatsApp sun ɗauke kusan awa shida, duk wanda shagonsa ke can kaɗai ya zauna ba ciniki.

To wanne? In kayanka irin waɗanda ake nema da suna ne, kamar caja ko littafi ko kayan gyaran waya, babbar kasuwa ta fi, domin can ake bincikensu. In kuwa aikin hannunka ne, mai buƙatar awo ko bayani ko zaɓin launi, fara da WhatsApp da Instagram, inda hira ke sayar da kaya. A WhatsApp da Instagram ɗin ma, ka riƙa kwafe lambobin masu sayenka da lissafinka a wani wuri daban, da izininsu. Faɗa mana irin kayan da kake da su, sai mu lissafa kamasho da kuɗin aikawa tare kafin ka yanka farashi.