Bravura a Maamobi: ya fito mana da murya daga kaset ɗin Baba, amma riƙonsa a Accra aiki ne

Tun da hedifon Bravura na kamfanin Warwick Acoustics ya shigo ɗakina a Maamobi abokan sana'a ke tambayata ko ya ci kuɗinsa. Masu wannan harka sun san farashinsa, sun kuma san abin da dala ke yi wa sidi, kuɗin Ghana, don haka ba sai na faɗa ba. Ya ci kuɗinsa. Amma akwai ranakun da nake duban akwatinsa in ji raina ya ɓaci da mutanen da suka shiga tsakanina da shi kafin ya iso hannuna.

Sana'ata ɗaukar sauti: wa'azi, waƙoƙin bege, tallan rediyo. Hedifon masu maganaɗisu kam na gaji da su a kunne. Na ilektrostatik wata halitta ce daban. Babu maganaɗisu a cikinsa, babu naɗin waya. Wani tantani ne da ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, a ɗora masa caji mai ƙarfi, sai siginar sauti ta riƙa jansa tana sakinsa gaba ɗayansa a lokaci guda. Da yake kusan ba shi da nauyi, yana tashi nan take, yana tsayawa nan take. Shi ya sa ba a soka shi a waya ko kwamfuta, dole sai da amfilifayarsa. Su Warwick, can Ingila, sun haɗa komai a akwati guda mai suna Sonoma: DAC, mai mayar da sautin kwamfuta ya zama wanda kunne zai ji, da na'urar daidaita sauti, da amfilifaya. Ka jona, ka saurara.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne kaset ɗin Baba. Allah ya jiƙansa, yana tafsirin azumi a wani masallacin unguwa a Nima cikin shekarun 1980, kuma wani almajirinsa ya riƙa ɗauka da ƙaramar rikoda. Muryar Baba a fili take domin rikodar na gabansa. Mai jan baƙi ne ke nesa, fanka na kaɗawa a kansa, ga shuuu na tsohon kaset, sai dai ka ji ana karatu amma ba ka iya cewa ga wanda ke yi. Shekara da shekaru ana gardama a gidanmu. Wasu su ce limamin masallacin ne, wasu su ce wani baƙo ne daga Yendi da ya yi azumi a wurinmu. Na sa kaset ɗin nan a sifikun situdiyo, na sa shi a hedifon ɗin da nake aiki da su, na rage shuuu ɗin da kwamfuta har muryar ta koma kamar daga cikin rijiya, ban samu komai ba.

Da Yayana ya zo daga Kumasi, bayan sallar isha, na jona dek ɗin kaset kai tsaye a bayan akwatin Sonoma, domin yana karɓar RCA, wayar sauti irin ta dek. Ban taɓa komai ba, ban tace komai ba. Na ɗora masa a kai. Ya yi shiru, can sai ya ɗaga hannu ya ce, "Auta, mayar da shi baya kaɗan." Na mayar. Ya ce in sake. Sannan ya cire ya miƙo mini: "Saurari yadda yake jan numfashi kafin doguwar madda, da yadda yake karya murya a ƙarshen aya. Wa ka sani yana haka?"

Na saurara. Shuuu ɗin na nan, ko kaɗan bai ragu ba, kada wani ya ɗauka na'urar na wanke kaset. Abin da ta yi shi ne ta raba su. Shuuu ya tsaya wurinsa, fanka ta tsaya wurinta, muryar kuma ta fito a bayansu ita kaɗai, da numfashinta da ɗan tarin da ake yi tsakanin ayoyi. Washegari muka kai wa Hajiya kayan gaba ɗaya ɗakinta. Ba ta son a ɗora mata abu a kan ɗankwali, sai da Yaya ya lallashe ta. Ko aya biyu ba a yi ba ta ce, "Wannan ai ƙanena ne." Kawu ne, wanda ya rasu ina yaro, wanda ba mu da muryarsa a ko'ina. Ta sa aka maimaita mata har aka kira azahar. A ranar da wani ya ce in ƙara kuɗi a kan abin da na biya, da na ƙara.

Shi Yaya hedifon kamfanin Stax ne mutuminsa. SR-009 gare shi, wanda ya fito a 2011, da amfilifaya daban da DAC daban, kuma na san sautinsa sosai don can nake sauka a Aboabo. Stax su ne iyayen wannan fanni, tun 1960 suka fitar da SR-1. A nasu, faranti biyu masu huji ne suka sa tantanin a tsakiya. A Bravura faranti ɗaya ne. A kunnena SR-009 ya fi haske a sama, ya fi faɗi, ƙarar kuge da ƙwarya sun fi walƙiya a cikinsa. Amma muryar mutum, wadda ita ce abincina, Bravura ya fi ajiye ta da jikinta, kuma ina iya daɗewa da shi ban gaji ba. Yaya bai yarda ba, ya ce na saba da nawa ne kawai. Abin da ya yarda da shi guda ne: shi ya sha canza amfilifaya da wayoyi yana neman wadda za ta dace, ni kuwa an riga an daidaita mini komai daga masana'anta.

HE 1, hedifon ilektrostatik na kamfanin Sennheiser, na taɓa saurara a wani shago a Landan. Kana kunna shi maɓallai su fito daga cikin dutsen marmara na Carrara, kwalaben bawul 8 su taso, murfi ya buɗe. An fitar da shi a 2015 don ya gaji Orpheus na 1991, wanda guda 300 kacal aka ƙera. Ya fi nawa cika da nauyin sauti, babu musu. Sai dai kuɗinsa kuɗin fili ne, kuma ina zaune a wurin tunanina na kan yadda zai kwana a ɗakin da iskar teku ke shiga.

Nan ne raina ke fara ɓaci. Dillalin da ya sayar mini, ba zan ambaci sunansa ba, ya san Ghana zai aiko, amma ko kalma ɗaya bai ce mini a kan danshi ba. Duk mai ilektrostatik ya san danshi da ƙura ne abokan gabarsa: caji na iya zurarewa, kunne ɗaya ya fi ɗaya ƙara, ƙwayar ƙura ta shiga ta riƙa yin tsuwa. Accra kuwa daga Afrilu zuwa Yuli bango ma gumi yake yi, Disamba ta zo hunturu ya kawo ƙurarsa. Yaya ne ya ja mini kunne tun da wuri, don Kumasi ta fi mu ruwa. Sai da na sayi na'urar tsotse danshi, na tanadi akwati mai rufuwa da ƙwayoyin busar da iska, na hana kowa ɗora shi da jiƙaƙƙen kai bayan alwala. Ga dumsor, wato yawan ɗauke wuta. Wuta ta tafi ta dawo da ƙarfi, wa zai bar irin wannan kaya a soket haka kawai? Sitabilaiza da UPS, batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke, suka shiga lissafi. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, na sani, amma da an faɗa mini tsawon gudun tun farko.

Ejan ɗin da ya fitar mini da kayan daga filin jirgi kuwa, Allah ya isa ban ce ba, amma ya kusa. Kuɗin da muka yi magana daban, wanda ya karɓa daban, kuma kwalin ya iso da kusurwa ɗaya a lotse. Hannuna na rawa na buɗe shi. Da wani abu ya fashe a ciki, ba masu gyaran waya na Circle za a kai wa ba. Lantarki mai ƙarfin bolt 1,350 ke kan tantanin nan, sai dai a mayar Ingila, a sake biyan jirgi, a sake bi ta hannun irin wannan ejan ɗin.

Wannan bolt ɗin ne kuma ya sa ba a haɗa shi da na kowa. Stax na aiki da 580, kuma hedifon CRBN na kamfanin Audeze ma an yi shi a kan wannan ma'aunin, don haka Yaya na iya sayen wani hedifon gobe ya soka a amfilifayarsa. Akwatina kuwa na gidansu kaɗai yake karɓa. Mai son canje-canje ya san da haka kafin ya ba da kuɗi. Mai son ganga ta doke shi a ƙirji, irin kiɗan da samari ke sa wa a mota, shi ma ba nan zai samu ba. Ƙasan sautin a tsabtace yake, yana sauka, amma ba ya duka. Sannan bayansa a buɗe yake. Hon ɗin trotro, motocin haya, janaretan maƙwabci, yara na ƙwallo a lungu, duk tare kuke saurare. Da rana a Maamobi kusan ba ya amfanuwa, sai dare ya raba, ko bayan asuba kafin gari ya tashi.

Wanda aikinsa murya ne, yana da ɗaki mai shiru da wuta mai kariya, ya saya, ba zai yi nadama ba. Wanda ke haya a bakin titi ya riƙe kuɗinsa. Dillalin nan kuma ya yi mini alkawarin fatun kunne na canji tun ranar ciniki, don gumin Accra ba ya barin fata ta daɗe. Har yau ina tura masa saƙo, yana karantawa, ba ya amsawa.