Saƙo daga Amurka: karatun yara masu buƙata ta musamman, da kayan da suka dace a aiko Kano

Assalamu alaikum iyaye da malamai na gida. Tambayar da ta fi zuwa daga Kano ita ce wace na'ura ake ba makafi da kurame a makarantun nan, kuma ko za a iya aikowa. Na'urori kam akwai su, amma abin da ya fi raba nan da gida takarda ce mai wa'adi.

Kafin 1975, yara masu nakasa fiye da miliyan ɗaya ba sa taka makarantar gwamnati a ƙasar nan. Iyaye ne suka kai ƙara, a jihar Fensilbaniya da birnin Washinton, kuma zuwa 1972 duk sun yi nasara. A 1975 Shugaba Gerald Ford ya sa hannu a dokar ilimin yara masu nakasa, wadda tun 1990 ake kira IDEA. A 1977 kuma masu nakasa da kansu, Judy Heumann na cikin jagororinsu, suka yi zaman dirshan na kusan wata guda a wani ginin gwamnatin tarayya a San Faransisko, har aka sa hannu a ƙa'idojin hana nuna musu bambanci.

Ga yadda ake bi yau. Uwa ko uba ya rubuta wa makaranta wasiƙa mai kwanan wata yana neman a gwada yaron. Daga ranar da ya sa hannun amincewa, dokar tarayya ta ba da kwana 60 a gama gwaji, sai dai in jiha ta yanka nata wa'adin. In an tabbatar yaron ya cancanta, cikin kwana 30 za a zauna da iyaye a rubuta takardar da ake kira IEP: inda yaron yake a karatu yanzu, inda ake so ya kai a ƙarshen shekara, da minti nawa a mako zai samu wurin mai koyar da magana ko malamin rubutun makafi. Ana duba ta duk shekara, a sake gwaji duk shekara uku, daga ɗan shekara 3 har 21, ba a biyan ko sisi.

Kada a ɗauka aljanna ce. Wanda ya roƙa da baki, ba shi da shaida ranar gardama. Ana rubuta buri irin "zai inganta karatu", wanda ba mai iya auna shi. Majalisar dokokin Amurka ta yi alkawarin ɗaukar har kashi 40 cikin 100 na ƙarin kuɗin da karatun waɗannan yara ke ci, ba ta taɓa cikawa ba, malamai kuma sun yi ƙaranci. Mutanenmu da ke nan sukan sa hannu don kara, ba su karanta ba, alhali suna da haƙƙin a kawo musu tafinta.

Batun kaya kuwa, a yi hattara da na'urar ƙara ji. Ba tabarau ba ce ta kasuwa. Ana saita ta ne da sakamakon gwajin kunnen yaron, don haka a fara zuwa sashen kunne na Asibitin Malam Aminu Kano. Robar da ke shiga kunne sai an riƙa sauyawa yayin da yaro ke girma, in ta yi sako-sako na'urar fito za ta yi ta yi. Batirinta lamba-lamba ne, 10, 13, 312 da 675, kuma da an ɓare takardar bayansa iska ta shiga, ya fara ƙarewa ko ba a sa shi ba. Zufa da ƙurar hunturu su ne ajalinta, sai a kwanar da ita a gwangwani mai maganin tsotse danshi.

Ga makafi, keken rubutu na Perkins ya fi komai dacewa da gida, ƙarfe ne, ba ruwansa da wutar lantarki. Allon rubutu da tsinkensa sun fi araha, a dai tuna daga dama ake hudawa a juya takarda a karanta daga hagu, kuma takarda mai kauri ake so, ta littafin makaranta ɗigonta lotsewa yake. Manhajar NVDA mai karanta fuskar kwamfuta kyauta ce, kada a sayar wa kowa.

Gida ba fanko ba ne. Ga makarantar kurame da makafi ta Tudun Maliki, ga sashen ilimi na musamman a Jami'ar Bayero, ga maganar hannu ta kuraman Kano wadda ta sha bamban da ta Amurka da ake koyarwa a aji. Dokar kare haƙƙin masu nakasa ma akwai, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga, wa'adin ya wuce. Duk makarantar da za ta gina gangaren keken guragu, ma'aunin nan shi ne tsayin ƙafa ɗaya, tsawon ƙafa 12. In ya fi haka tsaye, yaro ba zai hau shi kaɗai ba.